Jan Farce a Kan Noti

Tun hantsi dattijon nan ke kai-komo a shagon bindigogin Lurleen, ya kasa zama, ya kasa tafiya. Dogo ne, rana ta ƙone masa wuya, takalminsa duk jar laka. Aladun daji sun tone masa rabin gonar gyaɗa, kuma da dare suke zuwa.

Madubai biyu masu gano zafin jiki a duhu ta ajiye masa. Ɗaya maƙala shi ake yi a gaban tsohon madubin bindiga, ɗayan kuwa sai an kwance tsohon.

"Baba, na biyun ya fi nuna alade sarai," in ji ta. "Naka ai ya girme ni."

"Ya girme ki, kuma bai taɓa yi min surutu ba."

Yana dariya, amma yatsansa na shafa notunan tsohon madubin. Kowanne da ɗigon jan farcen marigayiya matarsa, shaidar bai motsa ba, ruwan hoda ne da ya koɗe. Lurleen na kallon zoben aurensa, da maɓallin rigarsa da ya faɗi ba wanda ya ɗinka.

Ta mayar da na biyun kwalinsa.

"Na maƙalawan da nauyi fa," in ji ta.

"Na sani," in ji shi. "Ba ni shi."