Hansatu da Kwaɗon Ƙofar Baya

Duk wanda ya yi aiki a kamfanonin Sharaɗa ko Challawa a 'yan shekarun nan ya san Baba Hansatu. Ko bai san fuskarta ba, ya ji labarin tsohuwar nan mai shara da ke yawo da guduma a jaka. Wasu na cewa ta taɓu. Ba ta taɓu ba. Masu faɗin haka ba sa nan ranar da abin ya faru.

'Yar wani ƙauye ce a gefen Ringim. Aure ya kawo ta Kano. Mijinta aikin jima yake yi a Challawa, hannunsa kullum cikin ruwan magani, babu safa, babu abin rufe hanci, har tari ya kama shi ya tafi da shi. Ya bar ta a ɗakin haya a Na'ibawa da 'ya ɗaya tak, Aina'u. Kamfanin suka aiko da gaisuwa mai daɗin ji. Tun daga ranar Hansatu ta daina sauraren bakin manya, hannunsu take kallo.

Ta samu shara a wani kamfanin ɗinki a Sharaɗa, na wani Alhaji Ashafa, inda ake ɗinka kayan makaranta da kakin masu gadi. Ginin ba don ɗinki aka yi shi ba, tsohon sito ne. Da ciniki ya buɗe, Alhaji ya ɗora masa bene, ya zuba rufin kankare, ya jera tankunan ruwa a kai. Da aka sayo dogon teburin yankan yadi ya ƙi shiga, sai aka fasa ginshiƙi ɗaya a tsakiyar ƙasa don ya samu wuri. Wanda ya fasa ɗin ya ce sauran za su ɗauka. A saman benen aka jera kekunan ɗinki na lantarki, layi-layi, mata da 'yan mata a kansu daga safe zuwa magariba. Hanyar sauka biyu ce: matakalar gaba, siririya, da ƙofar baya mai buɗewa kan wata matakalar ƙarfe a waje.

A kamfanin akwai wata al'ada da kowa ya tarar: ƙyalle na mai shara ne. Duk guntun yadin da ya faɗi ƙasa daga almakashi, Hansatu ke tarawa. Da yamma ta cusa a buhu, ta sauko da shi ta ƙofar baya, ta kai wa matan unguwa masu yin matashin kai da ƙananan katifu. Da wannan ƙyallen ta raini Aina'u. Da yarinyar ta gama sakandare, Hansatu ta je ta durƙusa a ofis ta roƙa mata keke a saman bene, aka ba ta. Ranar har rangaɗa guɗa ta yi a tsakar gida.

Sai Alhaji ya tsufa, ya miƙa wa ɗansa Musbahu kujerar manaja. Musbahu ya zagaya kamfanin, ya tsaya a kan buhun Hansatu.

"Baba, wannan ina za shi?"

"Ƙyallena ne, ranka ya daɗe."

"Naki? Ke kika sayi yadin?"

"Tun kuna 'yan makaranta nake kwashe shi. Ku tambayi Alhaji."

"Alhaji ya huta. Daga yau ko zare ba ya fita."

Ya samu wani mai kamfanin katifa da zai saye ƙyallen, amma sai ya cika babbar mota. Ina za a ajiye buhunan kafin su kai mota guda? Ƙasa ba wuri, sai aka ce a hau da su kan rufi. Kuma don kada wani ya zare buhu ya bi ta baya, Musbahu ya sayo kwaɗo mai ƙaton baki, ya garƙame ƙofar bayan daga waje, ya haɗa makullin da na motarsa. Kowa ya riƙa bi ta gaba, a laluba jakarsa.

Hansatu ba ta san lissafin gini ba, ba ta kuma taɓa cewa ta sani ba. Haushinta a lokacin na ƙyallenta ne kawai. Ita ce ma aka sa ta riƙa hawa da buhunan, tana hawa tana tsaki. Buhun busasshen ƙyalle ba shi da nauyi, da hannu ɗaya take jan sa. Amma rufin a buɗe yake, kuma damina ta sauka. Buhunan suka sha ruwa suka ƙoshi, na ƙasa suka toshe indararo, ruwa ya kwanta a kan kankare kamar kududdufi. Wata rana ta gwada matsar da buhu guda don ruwan ya wuce, ya ƙi ko motsi. Ta kira Gali mai yankan yadi, ƙato ne, shi ma sai da ya yi nishi.

"Baba, wannan ai ba ƙyalle ba ne kuma, dutse ne," in ji Gali. "Ki bar shi kada ki haifi hanjinki."

Daga nan tsintsiyarta ta fara kwaso wani abu da ba ta saba gani ba. Kullum da safe, a saman bene, daidai layin da Aina'u ke zama, sai ta tarar da gari-garin siminti. Ta share, gobe ya dawo. Ta ɗaga kai ta ga tsaga a rufin, ta taho daga kusurwa tana tafiya kamar jijiyar ganye, ruwa na ɗiga ta cikinta a cikin bokitin da 'yan matan suka tara.

Ta sami Musbahu a ofis.

"Manaja, rufin nan yana zubar da gari. Ku zo ku gani da idonku."

"Na ji, Baba. Za a duba."

"Ko ƙofar bayan ku buɗe. Ni na yafe ƙyallen, wallahi na yafe."

Ya yi dariya. "To, ashe nan aka nufa. In sha Allahu za a duba."

Aka duba. Mai fenti ya zo ya cusa siminti a tsagar, ya shafe ta da fari tas. Kwana biyu bayan haka wasu mutane suka zo da hular kwano da takalma masu sheƙi, wai masu duba lafiyar ma'aikata. Aka sa Hansatu ta wanke matakalar gaba, aka rataya jajayen tukwanen kashe gobara da aka aro daga maƙwabta. Baƙin suka shiga ofis mai sanyi, aka kai musu kaji, suka fito suna sakace. Ko ƙafa ɗaya ba su ɗora a kan bene ba. Da yamma aka mayar da tukwanen.

A gida ta tsare Aina'u.

"Gobe ba za ki hau benen nan ba."

"Inna, makarantu sun kusa komawa, kaya sun yi mana tsibi. Wadda ta yi fashi a makon nan an ce kada ta dawo."

"Kada ta dawo ɗin."

"Sai mu ci me? Ƙyallen ma an ƙwace. Kuma ke da kanki kika roƙa mini wurin." Aina'u ta yi murmushi ta kama hannunta. "Ai an gyara, har fenti aka yi. Shifa'u ma cewa ta yi ya fi ɗakin amarya kyau."

Shifa'u ce mai keken da ke kusa da nata, 'yar Nijar, mai yawan barkwanci. Hansatu ba ta yi dariya ba. Amma da safe haka suka hau Adaidaita ɗaya.

An kwana ana ruwa, gari ya waye da rana mai kyau. Wajen azahar Hansatu na tsakar kamfanin tana cika butoci. Sai ta ji ƙara kamar an karya ƙaton icce, kekuna suka yi tsit, sannan ihu ya tashi. Mata suka yo matakalar gaba gaba ɗaya, suka cushe a ciki, na baya na taka na gaba. Waɗanda ke ƙarshen ɗakin, layin su Aina'u, suka ga ba hanya, suka ruga ƙofar baya.

Hansatu ta jefar da buta ta zagaya da gudu, ta haye matakalar ƙarfen. Ga ƙofa, ga kwaɗo. Daga ciki hannuwa na dukan ƙarfen, kuma a cikin muryoyin nan duka ta tsinci ɗaya.

"Inna! Inna, buɗe mana!"

"Ga ni nan, Aina'u, ga ni nan. Ku matsa jikin bango."

Ta ja kwaɗon da hannu. Ta cire takalminta ta doke shi. Ta leƙa ƙasa tana kiran a kawo makulli, wani ya ce Manaja ya tafi gida Hotoro cin abinci. Makullin yana Hotoro, a jikin motar da ke fake a inuwa. Ta sauka ta ɗauko bulo, ta hau, bulon ya farfashe a hannunta, kwaɗon ko gezau. Gali ne ya zo da gudumar mai gyaran janareta. Ya buga, ya sake bugawa, kwaɗon ya buɗe baki. Mata suka fara tuttuɗowa, Hansatu na jan su ɗaya bayan ɗaya tana duba fuska. Ba ta kai ga fuskar da take nema ba rufin ya sauko, da tankunansa da jiƙaƙƙun buhunansa, ya danne benen, benen ya danne inda ginshiƙin nan ya kamata ya kasance.

Da hannu aka yi tono kafin motoci su iso. Ma'aikatan kamfanonin maƙwabta suka bar aikinsu suka zo da shebur da ƙarafa. Abin da suka fi cirewa ƙyalle ne, baƙi, jiƙaƙƙe, mai wari. Kafin la'asar ta wuce aka kai ga Aina'u, taku kaɗan daga bakin ƙofar, da ranta, kankare a kan ƙafarta ta dama. Shifa'u na gefenta, hannunta riƙe da gefen hijabin Aina'u. Shifa'u ba ta yi rai ba. Ba ita kaɗai ba.

A asibiti aka yanke ƙafar daga ƙasan gwiwa. Ƙafar da take taka keke.

Alhaji Ashafa ya zo Na'ibawa da kansa, da Musbahu a bayansa, da buhun shinkafa. Ya zauna a kan tabarma, idonsa ya yi ja, kuma Hansatu ba ta ce ƙaryar kuka yake ba.

"Hansatu, sai haƙuri. Ƙaddara ce. Ruwan bana ya yi yawa, abin da Allah ya rubuta ba makawa."

"Haka ne, Alhaji. Ruwa na Allah ne." Ta dubi Musbahu, wanda ya kafa wa tabarma ido. "Kwaɗon fa, na waye?"

Wata maƙwabciya ta taɓa Hansatu, wai ta yi shiru, manya ne. Hansatu ta ci gaba.

"Ruwan nan ya sauka a kan kowane rufi a Sharaɗa. Naku ne kaɗai aka ɗora wa kayan mota guda. Na zo na ce ku duba, kuka aiko mai fenti. Na ce ku buɗe ƙofa, kuka ce ƙyalle nake so. To ga ƙyallen can, ku je ku kwasa, har da jinin 'ya'yan mutane a jiki. Ku ɗauki shinkafarku."

Suka tashi suka bar shinkafar. Ta sa aka kai wa dangin Shifa'u.

An ce an kafa kwamiti. An ce za a hukunta duk mai hannu. An ce, an ce. Hansatu ta ji a rediyo ta kashe. Shekara ba ta zagayo ba aka ga Musbahu ya buɗe sabon wuri da sabon suna.

Gali ya bar mata gudumar, don mai ita bai dawo nema ba. Da ta samu shara a wani kamfanin buhuna a Challawa, ranar farko ba tsintsiya ta fara nema ba. Ta zagaya baya, ta tarar da ƙofa da kwaɗo. Ta je ofis ta yi sallama ta ce a buɗe. Aka ce za a duba. Ta ba su kwana ɗaya. Washegari da rana tsaka, a gaban kowa, ta fasa shi, ta kai gutsattsarin ta ajiye a kan teburin manaja. Aka kore ta. A Bompai ma haka aka yi, can har da barazanar 'yan sanda.

Yanzu tana wani kamfanin ɗinki ƙarami a Sharaɗa. Mai wurin ya ji labarinta kafin ta zo, ya cire kwaɗonsa da kansa, ko don tsoron Allah ko don tsoron guduma, ita ba ta tambaya ba. Kullum da safe sai ta tura ƙofar bayan ta ga ta buɗe kafin ta taɓa tsintsiya. 'Yan matan wurin na tsokanarta.

"Baba, yau ba a yi fashe-fashe?"

"Ku yi ta dariya. Ku dai ku san inda ƙofa take."

Aina'u na gida da keken hannu, tana ɗinka wa yaran unguwa kayan makaranta, sandarta a jingine da bango. Ita ta ɗinka wa uwar jakar gudumar, da yadin kaki, ninki biyu, don kada nauyin ya yaga ta.