Gidaɗo Ba Ya Kawo Sabulu

Har yau in wayata ta yi ƙara na ga sunan Gidaɗo, sai gabana ya faɗi kafin in ɗauka. Da ba haka nake ba. Da in na ga sunan, tsaki nake yi, don na san ko dai ya ɓata hanyar gidan da na aike shi, ko taya ta yi faci.

Ni Muttaka, hatsi nake sayarwa a Babbar Kasuwa. Gidaɗo ɗan acaɓa ne, shi ke kai wa masu sayayyata kaya gida. Dogo ne siriri, ya ba hamsin baya, yana tuƙa babur kamar mai kora saniya mai ciki. Matasan 'yan acaɓa sun gaji da yi masa dariya sun bari.

Duk wanda ya taɓa yin biki ko suna a layinmu na Ƙofar Ƙaura ya san Gidaɗo ba ya kawo komai. Wasu su aiko da turmin atamfa, wasu kayan jarirai, marar ƙarfi ya aiko da ko sandar sabulu. Shi kuwa zai zo da sassafe, ya taya shimfiɗa tabarmi, ya ci waina har ya nemi ƙari, in an tashi ya matso kusa da mai sha'ani ya ce a hankali, "Taka gudummawar an kai." Ina aka kai, wa aka kai wa, ba ya faɗa. Matan layi suka sa masa suna An-Kai. Ni ma na sha cewa rowa ce kawai ya naɗa mata rawani, ko da yake na lura duk lokacin da wani sha'ani ya matso, yakan sayi gero a wurina, ya ɗaure a bayan babur.

A ruga aka haife shi, can yamma da gari. Kiwo ya tashi yana yi, kiwo ya iya. Ɓarayin daji suka kore shanun gidansu kaf, ya shigo Katsina da matarsa da sandarsa. Matar ba ta yi shekara ba ta rasu. Ya yi dako, ya yi gadi, daga baya wani ya ba shi babur.

Wata rana ina tsokanarsa a bakin rumfa, na ce, "Baffa, ranar aurena da Baraka ko allura ba mu gani ba. Wai ina ake kai gudummawar nan taka?"

Ya daɗe yana goge madubin babur kafin ya amsa.

"Malam Muttaka, mu a ruga in an haihu, maraƙa ake nuna ma jariri. Abu mai rai, shi girma, shi haihu. To sabulu wanka nawa ne?" Ya ci gaba da goge madubin. "Satin da muka shigo garin nan, a kangon wani gida muka kwana. Yunwa ta kai mu inda ta kai mu. Sai ga wata mata da tuwo a roba, ta ce daga gidan bikin Zulaihat ne, a yi ma amarya addu'a. Ban san Zulaihat ba, ban taɓa ganin ta ba. Amma har yau in na yi sallah sai na sa ta."

Daga nan na rage tsokanar, amma ban daina ba.

Mun daɗe ba mu samu haihuwa ba, ni da Baraka. Ciki ya zo ya zube, ya sake zuwa ya zube. Da Allah ya ba mu 'ya mace lafiyayya, na yi niyyar ranar suna kowa a layin sai ya san an yi. Gidaɗo ya zo da asuba. Liman ya raɗa suna, Halimatus Sa'adiyya, aka shafa. Ina raba goro ya kamo hannun rigata.

"Yau sai da na jira na ji suna. Zan tahi in kai."

"Wainar fa?"

"A aje mani."

Hantsi ya yi, mahauci yana feɗe rago a ƙofar gida, mata sun fara cika ciki. Wayata ta yi ƙara, sunan Gidaɗo. Na ɗauka ina shirin ce masa waina ta ƙare. Muryar ba tasa ba ce.

"Kai ne Muttaka mai hatsi?"

"Ni ne. Wa ke magana?"

"Kai ka ɗora ma wanga Bahillacen kaya shi kai daji?"

A bayan muryar ina jin hayaniyar mutane da yawa, irin wadda ba ta kasuwa ba. Duk ɗan Katsina ya san abin da ake nufi in an ce mutum yana kai kaya daji, wato wa 'yan bindiga, kuma ya san abin da ke biyo baya in taro ya riga hukuma isa wurin.

Mai maganar ya faɗi sunan ƙauyensu, can bayan Batagarawa. Ba zan maimaita shi a nan ba. Ya ce in na san Gidaɗo in zo in faɗa da bakina, in ban san shi ba in ce ban sani ba, su san abin yi. Ya kashe.

Na tsaya da waya a hannu ina kallon jinin rago yana bin kwata. Tsoro nake ji, tsoro sosai. Geron da ke bayan babur ɗin daga rumfata ya fito. In sun ce shi ɗan kai kaya ne, ni ne mai ba da kayan. Na leƙa cikin gida, na hango Baraka a ƙofar ɗaki tana dariya da 'yan'uwanta, jaririya a cinyarta. Ban gaya mata ba. Na ce wa ƙanena zan je in dawo, na fita da babbar rigar suna a jikina.

Ɗan acaɓan da na hau ya kai ni har inda kwalta ta rabu da hanyar ƙauyen, ya taka birki. Ya ce daga nan ba ya gaba. Na roƙe shi, ya girgiza kai, ya juya. Na shiga hanyar da ƙafa. Dawa ta yi tsawo a hagu da dama, ba ka ganin komai sai ita. Kowane motsin ganye sai na waiwaya. Addu'ar da na sani tun ina yaro ta tsaya mini a rabi, na yi ta komawa farko.

Na tarar da su a bakin gari, inda suka gitta kututture a hanya. Matasa ne, da gora da adda, kaɗan da bindigar toka. Gidaɗo yana zaune a ƙasa, an ɗaure masa hannu ta baya da igiyar da yake ɗaure kaya. Goshinsa ya fashe, jini ya bi ta gefen hanci ya shiga gemu. Hularsa tana can gefe an tattake. An baje kayan a gabansa: gero, burodi, gishiri, man ja, da gorar ruwa cike da fetur. Fetur ɗin na komowarsa ne, don ba gidan mai a wajen. Amma burodi da fetur a hannun Bafillace, a wannan hanyar, ba ya bukatar wani ƙarin bayani a wurinsu.

Babbansu ba zai wuce sa'ar ƙanena ba. Idanunsa jajur. Daga baya na ji cewa a satin nan 'yan bindiga suka shigo musu, kuma cikin waɗanda aka binne har da yayansa. A lokacin ban sani ba, bakin bindigarsa kawai nake kallo.

Na yi sallama, ba wanda ya amsa.

"Na san shi," na ce. "Maƙwabcina ne. Sadaka yake kaiwa."

"Haka ya ce. Wai 'yan gudun hijira na gidan bulo." Ya nuna gabas da haɓa, inda wani tsohon wurin buga bulo yake, wanda mutanen da aka kora daga garuruwansu suka fake a ciki. "Mun aika an tambaya. Babu wanda ya san wani Gidaɗo, babba da yaro. Yanzu kai hwaɗa mana, nawa suke biyan ku?"

Wani ya riƙe mini wuyan riga ta baya. Wani ya ɗauki gorar fetur ɗin yana jujjuya ta, yana kwance murfin yana mayarwa. Idona ya kasa barin hannunsa. Na tuna ban ko ɗauki 'yata na kira ta da sunanta ba.

Gidaɗo ya ɗago kai. Leɓensa ya kumbura, maganar tana fita da ƙyar.

"Ba su san sunana ba, Malam Muttaka. Ban taɓa hwaɗa masu ba. Sunan masu biki nike ba su."

Na ji haushi ya taso mini a cikin tsoron. Shekara da shekaru mutum yana zuwa wuri, a ce ko sunansa bai bari ba. Na juya ga babban nasu.

"Don girman Allah, kada ku tambaye su da suna. Ku ɗauko mutum ɗaya shi gan shi da ido. In ya ce bai san shi ba, ga mu a hannunku."

Wasu suka ce ɓata lokaci ne. Mai gorar fetur ɗin ya ce a gama kawai. Babban ya dube ni, ya dubi rigata mai aiki da ɗigon jinin rago a hannunta, sannan ya yi wa wani alama. Babur ya tashi.

Ban san iya tsawon jiran ba. Sun zaunar da ni kusa da Gidaɗo. Ina jin numfashinsa, yana jin nawa. Mutane suna ta ƙaruwa, kowane sabon zuwa sai ya tambaya, "Su ne?" a ce masa su ne. Abin da na fi tsoro shi ne a ɗauko wanda zai ga taron nan ya tsorata, ya ce bai taɓa ganin sa ba don ya tsira da kansa. Da ni ne, ban san abin da zan ce ba.

Babur ɗin ya dawo da wata tsohuwa a baya, ƙanƙanuwa, ta riƙe ƙarfen babur ɗin da hannu biyu. Inna Hawwa sunanta. Aka sauke ta, aka buɗa mata hanya. Ta matso tana ƙanƙance ido, ta sunkuya har fuskarta ta kusa taɓa tasa. Ba wanda ya riga ya tambaye ta komai.

"Ɗan aike? Mi ya same ka haka?" Ta sa bakin zanenta tana share masa jinin. Sai ta tsaya, kamar ta tuna abin da ya fi wannan. "Baraka ta sauka?"



"Ta sauka, Inna," in ji Gidaɗo.

"Lahiya lau? Cikin ya tsaya?"

"Lahiya lau. Ɗiya mace. Yau suna. Ga uban nan."

Ta juyo ta dube ni. "Kai ne Muttaka? Tun ranar aurenku muke sa ku a addu'a. Da ya zo mana da na saukar karatun ɗan maƙwabcinku, ya ce matarka na da ciki, ana jin tsoro. Kullum sai mun roƙa mata." Ta kama hannuna. "Mi aka sa ma yarinyar?"

Na buɗe baki, sunan ya ƙi fita. Kuka ne ya zo, a gaban matasan nan duka, ina sanye da babbar riga.

Babban nasu da kansa ya kwance igiyar. Bai ba da haƙuri ba, mu ma ba mu nema ba. Ya tsuguna yana tattara burodin daga ƙasa yana kaɗe masa ƙura, ya kasa kallon kowa.

Gidaɗo ya yi kwanaki a kwance. Da ya tashi ya koma aiki, amma iyakarsa cikin gari. In aka ce kayan na wajen Batagarawa ne, sai ya ce a ba wani. In mota ta yi ƙara a bayansa, kafaɗunsa su ɗaga. An yi aure a layinmu, ya zo ya ci waina, ya tafi bai ce wa kowa an kai ba.

Ranar da Baraka ta yi arba'in, ya yi sallama a ƙofar gida. Na fito na same shi da baƙar leda. Ya miƙo mini, kansa a ƙasa.

"Na Sadiyya ne. Waccan gudummawar ba ta isa yadda ya kamata ba."

Sabulu ne, sanda biyu. Shekaru ina yi masa gorin sabulun nan, ga shi ya kawo, na kasa miƙa hannu. Baƙin ciki ya kama ni fiye da na ranar.

Na ce ya jira ni. Na shiga na auno gero, na haɗa da sabulun, na ɗaure a bayan babur ɗinsa, na hau. Ya daɗe bai tayar ba. Da muka bar kwalta muka shiga hanyar dawa, ina jin bayansa yana rawa a ƙirjina. A wurin kututturen matasan suka gane mu, suka janye shi.

Inna Hawwa tana tsintar ƙasa a cikin shinkafa muka same ta. Ta karɓi kayan, ta tambaya kamar yadda ta saba, "Wannan karon da sunan wa?"

Gidaɗo ya fara cewa, "Halimatu..."

Na katse shi. "Da sunan Gidaɗo, Inna. Shi ne wannan."

Ta dube shi. "Gidaɗo," ta ce. Ta kira matan da ke kusa da yaran da ke wasa a kan tarin bulo, ta nuna shi da yatsa, ta sa kowa ya faɗa. Shi kuwa yana tsaye riƙe da hula, yana kallon ƙasa, suna ta maimaitawa har suka iya.