Shanyar Katifu a Jami'a

Sana'ata tsofaffin kaya ce. Ina da rumfa a kasuwar Matameye, ina saye, ina gyarawa, ina sayarwa: tukunya, risho, bokiti, katifa. Ban yi lakwal ba, wato makarantar boko, kuma ban taɓa jin kunyar abin da nake ci da shi ba.

Duk shekara in ɗaliban jami'a za su tafi babban hutu, sai in hau mota zuwa Damagaram. Bayan ɗakunan kwanansu akwai juji, nan suke watsar da abin da ya fi ƙarfin jakarsu. In tsince, in ɗaure da igiya, in loda. Masu gadi sun san ni, mai bola suke ce mini.

Sai babbar ƴata ta samu shiga jami'ar. Shekararta ta farko ina tsugune kan juji na hango ta tafe da ƙawayenta. Ta gan ni, ta karkata ta bi bayan masallaci. Ban kira ta ba. Da ta zo hutu babu wanda ya ɗaga zancen, amma abin ya zauna mini. In karatu zai sa ƴata ta riƙa canza hanya saboda ni, to na rasa da me ya fi rumfar.

Da shekara ta zagayo na koma, na tarar da juji wayam.

"Mai bola, bana an riga ka," in ji mai gadi. Ya ce wasu ɗalibai ne suka haɗa kai, ba mai biyansu, suna bi ɗaki-ɗaki suna karɓar kayan masu tafiya, su ajiye wa sababbin da ke zuwa daga ƙauye da jaka ɗaya.

Raina ya ɓaci. Na ce a nuna mini waɗanda suka kashe mini kasuwa.

Wani ɗaki aka ba su. Sun jibge katifu har rufi, sun kulle tagogi wai don kada su yi datti. Tun daga ƙofa hancina ya gaya mini. Na sa farce na ɗaga ɗinkin wata katifa, sai ga baƙin ɗigo-ɗigo jere.

Shugabansu, wani dogo mai tabarau, ya ce, "Baba, ba na sayarwa ba ne."

"Ko kyauta ka ba ni ba zan ɗora a mota ba. Kuɗin cizo kuke kiwo. Kafin a dawo hutu duk sun gama da ɗakin nan."

Ya duƙa ya duba ɗinkin da kansa. Ashe daraktan ɗakunan kwana ya gargaɗe su, ƙara ɗaya aka kawo za a ƙone kayan a karɓe ɗakin.

Sai a lokacin na ga ƴata. Tana can lungu tana wanke tukwane da toka, kanta a sunkuye. Ban san tana cikinsu ba.

Ba zan ɓoye ba, na yi tunanin in juya in tafi. In aka ƙone, baɗi juji ya dawo mini. Amma na dubi tukwanen da ta jera, kowace a kife, ta ware masu huji gefe guda, daidai yadda nake yi a rumfa. Na ajiye igiyata.

Muka fitar da katifun zuwa filin ƙwallo mai siminti. Na sa aka lulluɓe su da baƙar leda, a juya su da azahar, kwana uku, zafin rana ya kashe ƙwarin. Biyu na ce a ƙone, ba su ji daɗi ba amma suka ƙone. Na nuna musu yadda ake zuba tafasasshen ruwa a gaɓar gado, da yadda ake ɗaga tukunya a rana a ga huji. Masu karatun likita da na lauya suna biye da ni suna tambaya.

Wata ƴar baki a cikinsu ta ce, "Baba, kai a wace jami'a ka karanta katifa?"

Kafin in buɗe baki ƴata ta ce, "Babana ne. Daga Matameye ya zo."

Yarinyar ta riƙe haɓa. "Shi ya sa kike shinshina komai kafin ki karɓa. Ashe gado ne."

Aka yi dariya, har da ƴata.

Ranar da zan koma babu ko murfin tukunya a hannuna. Ƴata ta ɗauki igiyar ta saɓa a kafaɗa, muka fita ta babbar ƙofa, ta raka ni har tasha.

Ta gama karatu tuni, waɗancan ɗaliban ma sun watse, wasu sun karɓi aikin. Har yanzu suna kirana in hutu ya matso, in je in duba musu. Abin da ya mutu murus, ƙarfe ko dalma, su tara mini a buhu. Bai kai rabin abin da juji ke ba ni a da ba, kuma ina gode musu duk lokacin da na ɗauka.