Tsuntsayen Bayan Rigar Yaya Rahmatu

Sailuba ta yi shekaru tana sayar da lemo a bakin titin Shabu, kusa da inda ɗaliban aikin gona ke sauka daga babur. Duk wanda ya taɓa tsayawa wurinta zai ba ka labarin hannunta. Wuƙa na zagaya lemo, ɓawo na saukowa siriri bai tsinke ba, ita kuwa idonta na kan titi, bakinta na hira da wata. Boko dai firamare ta ɗan taɓa aka cire ta saboda gona, daga gona kuma sai ɗakin Ya'akubu, manomin doya da ke ɗaukar fasinja a babur idan rani ya yi. Mutum ne mai sanyin hali, ko kaza ce ta shiga ɗakinsa sai ya lallashe ta kafin ta fita. Sun haifi 'ya'ya, Allah ya karɓi wasu, sauran suka tashi a kan doya da cinikin lemo.

Yadda aka yi ta koma 'yar koyo tana da shekara arba'in da 'yan kai, ita ma in ta tuna dariya take yi. Wata ƙungiyar mata ce ta buɗe wurin koyar da sana'a a cikin Lafia, saboda matan da ba su da abin yi da yaran da karatu ya tsaya musu. Akwai ɗinki, akwai haɗa sabulu, akwai gyaran waya. Sailuba ta raka 'yarta Afra'u ne da niyyar a sa ta ɗinki. Afra'u ta leƙa ɗakin ɗinki ta yamutsa fuska, ta leƙa ɗakin gyaran waya ta ƙi fitowa. Uwar ta samu benci ta zauna jira, tana fifita da gefen mayafi.

Malamar ɗinkin, Aminat, yarinya ce da Sailuba za ta iya haifa. Ita ta lura ƙafar matar nan na motsi a ƙasa, tana bin ƙarar kekunan ɗinki ba ta ma sani ba.

"Mama, ga keke ɗaya can babu kowa a kai," in ji Aminat.

"Ni? Anti, ni lemo nake sayarwa. Rakiya na zo."

"Ai wadda kika rako ta samu nata. Oya, zo ki taka ki ji."

Ta taka. Keken ya juya baya, zare ya tsinke, 'yan matan ajin suka tuntsire da dariya, tata ma ta fi ta kowa ƙarfi. Washegari sai ga ta ta dawo da ƙafarta.

Mutanen Shabu suka samu abin yi. Kullum da safe in Ya'akubu ya ɗauko uwa da 'ya a babur, sai wani ya ɗaga murya daga bakin shago yana tambaya ko an saya wa Maman Afra'u jakar makaranta. Ya'akubu ba ya faɗa. Rage gudu kawai yake yi ya ce gemu ba ya hana ilimi, balle wadda ba ta da shi.

Dokar Aminat ɗaya ce, kuma ba ta sassauta wa kowa: ɗan koyo ba ya taɓa yadi sai ya ƙoshi da takarda. Takardar buhun siminti ake karkaɗewa, a shimfiɗa, a zana da alli, a yanka, a ɗinka kamar gaske. Ya'akubu ya zama mai bin gine-gine yana roƙon buhunan da aka zazzage. Ba a jima ba igiyar shanyar gidansu ta cika da riguna da siket na takarda, har akuyar maƙwabta ta cinye wata riga mai dogon hannu da Sailuba ke ji da ita. Ranar ta yi fushi na gaske, ta ce akuyar nan ko kuɗin ɗinki ba ta tambaya ba.

A nan baiwarta ta fito. Macen da ta saba fere lemo ba ta taɓa tsokarsa ba, ba za ta yi ɓarnar takarda ba. In za ta yanka, sai ta jera gaban riga da bayanta kai da ƙafa, kamar yara a tabarma ɗaya, faɗin wannan ya shige cikin sirancin wancan. Abin da 'yan mata ke cinye buhu biyu a kai, ita ɗaya ya ishe ta har da ragowa. Aminat takan ɗaga yankanta ta nuna wa aji, ta ce kowa ya yi koyi da Mama. Da aka matsa zuwa yadin kayan makaranta, shuɗi fes babu zane a jiki, haka ta ci gaba da yi, yabo kuma bai ragu ba.

Sai lokacin yaye ya matso, wanda 'yan ajin ke kira firidom. Sharaɗinsa shi ne kowa ya samo mutumin waje da zai yarda ya ba shi atamfarsa ya ɗinka, mutumin kuma ya sa ta ya zo taro. 'Yan mata ba su sha wuya ba, kowace tana da uwar da za ta rufe ido ta sadaukar da zane. Sailuba ce ta zagaya Shabu kaf. Matan da ta yi shekaru tana yi wa gyaran lemo, ranar duk suka zama marasa atamfa. Ita ma ba ta ga laifinsu sosai ba, don a garin nan ba a ba ɗan koyo sabon turmi, kuma tela da ɗinkinsa na farko ake yi masa suna, mai kyau ko akasinsa. Amma abin ya ci mata rai. In ba ta samu ba, tana kallo za a yaye sa'annin 'ya'yanta, ita ta koma kan tiren lemo, masu dariyar nan su ce da ma sun faɗa.

Ana cikin haka sai Yaya Rahmatu ta yi sallama. Yayar Ya'akubu ce, mai sayar da sakwara a kasuwa, mace mai jiki da murya. Labarin da ya shiga bakinta da safe, kafin azahar ya kai Doma. Telolin da ta kashe wa kasuwa da baki suna da dama, mafi yawa a kan laifi ɗaya: duk rigar da suka yi mata, tana ɗaga hannu a wurin rawa sai hammata ta yage. Ta jefa wa Sailuba leda a cinya.

"Matan ƙanina, an ce kina yawon neman atamfa kaman mai neman aure. Ga shi. Sunan jikana na fari a Doma, shi zan sa. Riga da zane da ɗankwali. Abeg kar ki sa in yi magana."

Atamfa ce kore, cike da ƙananan tsuntsaye farare, duk sun buɗe fukafukai. Da ta fita, Ya'akubu ya matso yana magana ƙasa-ƙasa kamar yayar tasa na bayan ƙofa.

"Maman Afra'u, ki mayar mata. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe. Teloli nawa Yaya ta gama da su?"

"Baban Afra'u, duk garin nan ita kaɗai ta ba ni. In na mayar, na wa zan ɗinka?"

A makon nan ƙungiya ta tura Aminat garin Arikya koyar da matan can. Da Sailuba ta yi haƙuri ta jira ta, da ba a yi wannan labari ba. Amma zumuɗi ya hana ta, tana so malamarta ta dawo ta tarar da aiki a rataye. Ta je ta auna Yaya Rahmatu a tsanake, har ta sa ta ɗaga hannu sama ta sake aunawa. Ta shimfiɗa atamfa, ta yi bisimilla, ta jera gaba da baya kai da ƙafa yadda ta saba, don zane ya samu faɗin da zai zagaye mai shi. Ta yanka, ta ɗinka, ta ninka ɗinkin hammata, ta goge. Ita kanta da ta ja baya ta kalli rigar sai da ta ji kanta ya ɗan fasu.

Aminat ta dawo, ta ɗaga rigar ta gaba, ta ce masha Allah. Ta juya ta baya, sai ta yafito Sailuba.

"Mama, zo ki duba. Tsuntsayen gaba ina suka nufa?"

"Sama."

"Na baya fa?"

Sailuba ta duba. Tsuntsayen baya duk kansu a ƙasa yake, ƙafa a sama, garke guda suna rikitowa daga kafaɗa zuwa ƙugu. Takardar siminti ba ta da sama ba ta da ƙasa, haka yadin makaranta, ko ta ina ka juya su daidai ne. Atamfa kuwa tana da inda ta fuskanta. Dabarar da aka yi ta yaba mata, ita ce ta kayar da ita. Ta nemi benci ta zauna, kunya da baƙin ciki suka rufe ta.

"Laifina ne, Mama," in ji Aminat. "Ni ya kamata in gaya miki tun muna kan takarda."

Suka duba ko za a sake yanko baya daga jikin zanen, suka ga in an yi haka zanen ba zai rufe Yaya Rahmatu ba. Wata daga cikin 'yan matan ta ce a yi shiru kawai, ai mayafi zai rufe, kuma wa ke ganin bayansa? Aminat ta ce za ta raka ta ba da haƙuri. Sailuba ta naɗe rigar ta ce a'a, ranar wanka ba a ɓoyon cibi, ita ta yanka ita za ta kai.

Ta samu Yaya Rahmatu a tsakar gida tana fere doya. Ta durƙusa, ta buɗe rigar ta bayan tun kafin a tambaye ta, ta faɗi abin da ya faru. Yaya Rahmatu ta daɗe tana kallo.

"To! Na gaba suna tafiya Makka, na baya suna faɗawa rijiya."

Ta wanke hannu ta shiga ɗaki, ta fito da rigar a jiki. Ta ɗaga hannu ɗaya, ta ɗaga ɗayan, ta sunkuya, ta miƙe, ta girgiza kafaɗa. Ba ta ce ta yafe ba, ba ta kuma yi faɗan da ake jira ba. Cewa kawai ta yi, "Je ki, na gani." Wannan shirun ya fi zagi tayar wa Sailuba da hankali.

Ranar suna ba ta je Doma ba, ta ce kanta ke ciwo. Ba ta koma wurin koyo ba kuma. Ta ɗauko tsohon tirenta ta koma bakin titi, tana fere lemo ba ta hira da kowa. Labari kuwa bai jira ta ba, 'yan babur suka kawo shi da zafinsa. Wai Yaya Rahmatu tana shiga taro ta cire mayafi ta rataya, ta dinga juya wa mata baya tana cewa su zo su ga aikin matar ƙaninta. Wai an yi dariya har maijego sai da ta riƙe ciki. Sailuba ta ji duka, ta ce a ranta shi ke nan, an binne ta tun ba a yaye ta ba.

Tana nan zaune wata la'asar sai inuwa ta rufe mata tire. Yaya Rahmatu ce, da wata leda a hammata.

"An ce kin gudu daga makaranta."

"Yaya, ai kin riga kin gaya wa duniya."

"Na gaya musu mana! Na gaya wa duk Doma kin kife tsuntsu. Na kuma gaya musu tun safe nake rawa har aka tashi, hannuna a sama, hammata bai ce komai ba. Har layi suka yi suna jan ɗinkin su gani. Duk biyun gaskiya ne, wanne zan ɓoye? Kuma ranan firidom naku wannan rigan zan sa, in zauna a gaba, kowa ya kalli bayana ya ƙoshi."

Ta ajiye ledar a kan benci.

"Wannan na maijego ne, na fitan arba'in. Ita ta ce ke za ki yi. Akwai wasu biyu a hanya, na ce su jira tukuna."

Sailuba ta goge ruwan lemo daga hannunta da kyau kafin ta buɗe. Atamfa ce ja, kuma tsuntsaye ne a jiki, manya ma fiye da na farko. Ta ɗago ta kalli yayar mijinta.

"Ni na zaɓa," in ji Yaya Rahmatu. "Inda kika faɗi, nan za ki tashi."

Dariya ta zo wa Sailuba tare da kuka, ta rasa wanda za ta fara. Tunda take ba a taɓa amince mata irin haka ba, kuma daga bakin da ta fi tsoro. Hawaye suka zubo.

"Ke, ke! Kau da fuskanki, kar ki jiƙa wa yarinya kaya!"

Sailuba ta share ido da bayan hannu. Ta warware atamfar a kan cinyarta, ta juya ta a hankali har kawunan tsuntsayen suka kalli sama, sannan ta tambayi yaushe maijego za ta zo awo.