Farin soson Mbah Darmaji

Shekara goma sha ɗaya ina sayar da shinkafa da miyar gyaɗa a gefen rumfar Mbah Darmaji, a kasuwar tsofaffin kaya ta Surabaya, kuma duk shekarun nan tsiya nake yi masa. Tsohon ba ya gyaran komai. Sana'arsa ya sayi matattun rediyo da kwamfutoci, ya zare fanel ɗinsu, wato allon da 'yan kayan lantarki ke manne a kai, ya narka dalmar baya da ƙarfe mai zafi, ya tsince 'yan kayan ɗaya bayan ɗaya, masu gyara su zo su saya.

Sauran 'yan sana'ar watsawa suke yi a gwangwani, a ware daga baya. Shi kam a'a. Yana da farin soson nan da ke zuwa a kwalin talabijin, duk abin da ya cire sai ya kafa shi a kai, daidai gurbin da yake a fanel, ba ya kwashewa sai ya gama. Aikin awa ɗaya sai ya ci masa uku. Na sha ce masa kafin ya gama fanel ɗaya na sayar da tukunya biyu, ya yi murmushi ya ci gaba da abinsa. 'Yarsa Sulastri ma mita take yi, wai tsufa ne ya mayar da shi yaro mai wasan jera duwatsu.

Wata Talata da hantsi Sulastri ta zo da 'yarta Ningrum, 'yar shekara biyu, ta tsaya muna hira. Juyawar da za ta yi sai ga yarinyar a ƙarƙashin teburin kakanta, hannu a baki, ta haɗiye wani abu ƙwat. Uwar ta sa yatsa ta laluba, babu komai. Tsoronmu kada batiri ne, don a kasuwarmu har mai shara ya san ɗan batirin nan mai kama da maɓalli, in ya maƙale a maƙogwaron yaro cikin 'yan awanni yake huda shi.

Na aika a nemo mai babur a kai yarinyar asibiti. Mbah kuwa ya ajiye fanel kusa da soso yana bin su da yatsa. Haushi ya kama ni, na ce yanzu lokacin lissafi ne? Bai ko kalle ni ba. Can yatsan ya tsaya a wani gurbi da babu komai.

"Abu ɗaya ne babu," in ji shi. "Batirin."

Sulastri ta ƙanƙame 'yarta. "Baba, ka kashe min ita."

Ya ɓalle maganaɗisun wata tsohuwar sifika, ya durƙusa da gwiwoyinsa masu ciwo, yana jan sa a kan siminti. Sukurori suka manne, ƙusoshi suka manne. Da ya kai tsagar da ke gindin ƙafar tebur sai muka ji ƙas. Ya ɗago shi: batiri ne, da ɗigon jan farcen da yake sa wa duk wanda ya gwada. Ya ɗora shi a gurbinsa, batirin ya zauna daram.

Duk da haka ya ce a kai yarinyar asibiti. Aka ɗauki hoto, ba ƙarfe ko ɗaya a cikinta. Ashe ƙwayar gyaɗa ce ta tsinta, tawa kuwa, ni sarkin baki. Na sha kuka na sha dariya ran nan, na raba shinkafa kyauta.

Washegari da safe Mbah ya kafa katanga ta katako a bakin rumfa, tsayin ƙugu, don kada yaro ya sake shiga. Bai gama ba sai ga Sulastri da sabon farin soso a kanta, ya fi tebur ɗin faɗi. Ta ajiye, ta kama hannunsa mai tabon ƙuna ta ɗora a goshinta kamar yadda muke neman gafarar iyaye, ta daɗe ba ta saki ba.