Baƙona Talibamban da Ruwan Zamzam

Tsufa ya kwashe mini abubuwa da yawa, amma kwana biyun da wani kifin teku ya yi a gidanmu na unguwar Jarwal ba zan taɓa mantawa da su ba.

A shekarun 1960 ne, ina da shekara goma sha huɗu. A Makka aka haife ni, kuma in ka cire ambaliyar da kan gangaro daga duwatsu, ban taɓa ganin ruwan da ya fi na randar Kakata yawa ba. Kawuna, ƙanen mahaifiyata, direban lori ne mai ɗauko kayan alhazai daga tashar jirgin ruwa ta Jidda. Na yi ta damunsa, safe da rana, har ya gaji ya ce in hau.

Da muka isa ba a gama sauke kaya ba, sai ya kai ni bakin ruwa can kudu da tashar. Na tsaya baki buɗe, na ce, "Kawu, wa ya zubar da wannan duka?" Ya yi dariya har rawaninsa ya kwance, sannan ya shige ƙarƙashin mota ya kwanta.

Ruwan ya ja baya ya bar ƙananan tafkuna tsakanin duwatsu. A ɗaya daga ciki na ga wani kifi mai idon akuya da haƙoran zomo, yana kallona kamar ya san laifina. Na taɓa shi da takalmi, sai kawai ya kumbura ya zama ƙwallo. Shekara talatin ina rantsuwa ya kai girman kankana. Yau da na kusa kabari, na yarda lemon zaƙi ne.

Akwai garwar da Kawu ke ajiye ruwan sanyaya inji. Na tuntsurar da ita, na cika da ruwan teku, na jefa kifin ciki, na cusa ta cikin kayan alhazai.

Mun ci fiye da rabin hanya sai inji ya fara tururi. Kawu ya sauka da natsuwarsa, ya jawo garwa, ya buɗe, suka haɗa ido da kifi.

"Ya walad! Kai yaro, mene ne wannan?"

"Alhaji ne, Kawu. Shi ma Makka za shi."

Abin da kunnena ya sha a ranar, shi kaɗai ya sani. Sai da na taka zuwa wata rumfar masu gahawa na roƙo ruwa. Komawa Jidda ta yi nisa, saboda haka Kawu ya yanke hukunci: ran Asabar zai koma, kuma kifin zai koma tare da shi. Ranar kuwa Laraba ce.

Kakata, mahaifiyar Kawu, 'yar Yawuri ce, a bakin kogi ta girma. Tana leƙa garwar ta ce, "La! Talibamban! Akwai ɗan'uwansa a garinmu." Sai kuma fuskarta ta canza, ta kama ni a wuya. "Saurara, ɗan nema. Nan Harami ne, ko tantabara ba a firgitawa. Ka ɗauko bawan Allah daga gidansu, to amanarsa tana kanka. Kada ya mutu a hannunka kafin Asabar."

Na ce to. Na juye shi a babban daro, na aika wa duk yaran unguwa. Kafin la'asar tsakar gidanmu ta cika. Na gaya musu da hannu ɗaya na kama shi, bayan ya haɗiye wani Bature har da hularsa. Duk wanda ya musa sai in tsokani Alhaji da tsinke ya kumbura, yara su watse da ihu su dawo. Ban san tsoro ne ke kumbura shi ba. Na ɗauka wasan yana yi masa daɗi kamar yadda yake yi mini.

Washegari ruwan ya yi duhu, ya fara ƙarni saboda gutsattsarin gurasar da na yi ta zuba masa bai ci ba. Alhaji ya daina kumbura ko an tsokane shi, sai ya tsaya a gefe yana buɗe baki. Na zauna ina tunani, sai wata dabara ta zo mini, har na yi mamakin kaifin ƙwaƙwalwata. Ruwan da ya fi kowane ruwa a duniya yana nan kusa da mu. Mutane suna keta hamada shekara da shekaru don su kurɓe shi. Ni kaina da na yi zazzaɓi shi Kaka ta ɗura mini. Ina dalilin barin baƙona cikin ruwa mai ɗaci?

Na sunkuci garwa na sauka Harami da gudu, na dawo da ita a ka cike da Zamzam. Na kwarara tsohon ruwan a kwata, na yi bisimilla, na cika daron. Nan take kifin ya fara zagaye da gudu. Na ce wa yara, "Kun gani? Albarka kenan!"

Kafin azahar ya yi fari, ya kwanta a gefe ɗaya.

Kaka ta zo ta tsoma yatsa ta ɗanɗana. Ta dube ni.

"Ina ruwansa?"

"Na zubar. Wannan ai Zamzam ne, Kaka."

Na sunkuyar da kai ina jiran muciya, amma ba ta dake ni ba. Ta ce, "Kai wawan Allah. Zamzam naka ne, kai ɗan Adam. Wanda ya ba ka shi, shi ya ba wannan nasa mai gishiri. Ka fi Shi sanin abin da ya dace da shi ne? Miƙo ƙwaryar gishiri."

Ita a jirgin katako ta tsallako teku daga tashar Sawakin, ta sha ruwan tekun nan ba da sonta ba, harshenta bai manta ba. Ina damawa a kwano tana ɗanɗanawa tana cewa, "Ƙara." Muna zubawa kaɗan-kaɗan har gishirin gidan ya ƙare. A ranar, tuwo lami kowa ya ci, kowace loma da harara ɗaya a kaina. Kifin ya ɗan miƙe, amma yana tangaɗi.

Kaka ta leƙa inda Kawu ke hutawa. "Kai, tayar da motar nan."

"Inna, ai sai Asabar."

"Shi kifin ka tambaye shi ko zai kai Asabar?"

Haka muka ɗauki hanyar Jidda da lori fanko, garwa a cinyata, na rufe ta da jiƙaƙƙen zanen Kaka. Kowane rami muka faɗa sai in ce, "Kawu, a hankali." In ya rage gudu kuma in ce, "Kawu, yi sauri." Mun wuce Bahra, iskar teku ta fara shigowa ta taga, na ɗaga zanen na ce, "Alhaji, ka ji ƙanshin gida?"

Bakinsa ya daina motsi.

Kawu ya leƙa, amma bai juya mota ba. Ya kai ni har bakin duwatsun, na sa shi cikin ruwa da hannu biyu. Na tsaya har ƙafafuna suka yi sanyi. Ni da ban taɓa ba da labari ban ƙara masa gishiri ba, na so ƙwarai in ce muku ya girgije ya yi iyo ya tafi. Bai tafi ba. Igiyar ruwa ce ta zo ta ɗauke shi.

Bara na koma wajen. Na tarar da leda da kwalabe suna yawo, ga kuma baƙin mai yana ƙyalli a kan ruwa. Na leƙa tafki bayan tafki, babu mai kallona.

Abin da na koya shi ne, halittun teku ba su roƙe mu komai ba sai mu bar musu ruwansu yadda Allah ya dama shi. Ni da so na yi, da ruwa mafi tsarki a duniya, amma baƙona bai kai Asabar ba. To ina ga abin da muke juye musu yanzu, wanda mu kanmu ba za mu iya tsoma yatsa mu ɗanɗana ba?