Wutar Chizuru da Rana Tsaka

'Yata Chizuru makauniya ce tun haihuwa, ko hasken rana ba ya ratsa idonta. Saboda haka jikinta bai san lokacin da gari ke wayewa ba. Yininta awa ashirin da huɗu ne da rabi. Ni malamar lissafi ce, ni na auna. Kullum barcinta yakan makara da rabin awa, tana ta nisa da mu kamar kwalekwalen da igiyarsa ta kwance, sai bayan kwana arba'in da takwas ta zagayo ta same mu a wajen karin kumallo.

"Na dawo, Mama," takan ce. "Ba tsaraba."

Ta koyi tausa, tsohuwar sana'ar makafinmu, ta sami aiki a wani gidan wanka nan Takaoka. Wata rana barci ya kwashe ta, hannunta na kan kafaɗar wani tsoho. Likita ya rubuta mata ƙwaya ƙarama kamar shinkafa, wadda ke shaida wa jiki cewa dare ya yi. Ƙarfe tara, kullum, ba fashi.

"An ɗaure ni a turke," in ji ta, tana dariya.

Shekara goma sha ɗaya muna tashi tare. A watan Mayu zuciyarta ta tsaya. Shekarunta talatin da huɗu.

Obon, bikin da mamata ke ziyartar gida, ya matso. Ran sha uku ga Agusta, da faɗuwar rana, kowa zai kunna karan rama a ƙofar gidansa don mamatansa su gane hanya. Sai na tuna ragowar ƙwayoyin suna aljihun tebur. Can inda take ba mai ba ta. Na ɗauki fensir. Kwana tamanin da huɗu da rasuwarta, makarar awa arba'in da biyu ke nan. Ƙarfe shidanmu tana tsakiyar barci, za ta rasa wutar, sai kuma baɗi. Yammacinta ya faɗo daidai sha biyun rana.

Da ranar ta zo, da rana tsaka na tsuguna na kunna.

Baba Tokuji, tsohon maƙwabcinmu, ya leƙo ta shinge. "Malama, zafin nan ne ya taɓa ki? Wa zai ga wuta yanzu?"

"Da ma ita ba gani take ba, Baba. Hayaƙi take bi."

"To ai hayaƙin naki gidana yake shiga. Ni ban gayyaci kowa ba tukuna."

Ya ɓace, ya dawo da mafici. Ya durƙusa da ƙyar yana fifitawa, har hayaƙin ya miƙe ya bi hanyar tashar bas, inda takan sauka in ta taso aiki.

Titi ba kowa. Kwalta na rawa cikin zafi kamar ruwa. Can iska ta juyo da hayaƙin, ya wuce ta gefen kafaɗata, ya shige gida.

"Sannu da zuwa," na ce.

Ban tambayi tsaraba ba.